Allurar Baba a Cikin Ƙanƙara

Kachalla Sembe, Jalingo
Yuni, 1994

Nehemiya! Kai Nehemiya ɗana, kana ji na kuwa daga Jos ɗin nan? Ni ce mamanka Keziah. Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aikin kamfani? Yaya matarka Margaret da aikin asibiti, har yanzu tsayuwar nan take yi tun safe? Ka ce mata ta riƙa samun kujera tana zama.

Mu da sauƙi. Babanka sugansa ya kwanta, yana cin abinci, da yamma ya ja sandarsa ya tafi bakin titi hira. Ni gwiwa ce kawai, ita kam mun saba.

Sajo direba ya kawo saƙo, kwalaben allurar babanka a cikin fulas. Allah ya yi maka albarka, don a nan garin yau a samu gobe a ce babu. Ni nake yi masa safe da yamma yadda aka koya mini. Har yau ba ya iya kallo, sai ya juya fuska bango yana waƙar coci. Babban mutum da shi.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wuta, Nehemiya. A da ɗaukewa ake yi a dawo da ita. Yanzu rabo ake yi mana, yau unguwar Sarkin Dawaki, gobe wata unguwa, mu sai an tuna da mu. In ta zo kuma ba ta sallama, in za ta tafi ba ta sallama. Sai dai ka ji yara sun sa ihu, kowa ya yar da abin hannunsa, mai niƙa ya ruga, mai guga ya ruga. Ranar Lahadi ana tsakiyar wa'azi fanka ta fara juyawa, sai mata suka fara zamewa ɗaya-ɗaya kamar masu zuwa bayan gida. Har matar Fasto. Ni ma dai ban tsaya addu'ar rufewa ba, Allah ya gafarta.

Sana'ata ta ƙanƙara da zoɓo ta kusa mutuwa. Ruwa nake ƙullawa a leda in sa a firiza, ruwa nake cirewa. Na lulluɓe ta da barguna biyu da buhu, na hana kowa buɗewa, amma sanyi-sanyi kawai take yi, ba ta kamawa. Masu saye sun koma wurin matan unguwar manya inda wuta ta fi zama.

Ka san maganin a firijin maƙwabcinmu tela nake ajiyewa. Jiya na je ɗauka, na buɗe, sai ɗumi ya bugi fuskata, ga kyankyaso yana yawo a kan kwalin. Ka ce mini zafi yana kashe shi. Sai na kwaso duka na dawo da su gida na sa a firizata, ko ba komai ita tana riƙe ɗan sanyi a ƙarƙashin bargo. Daidai na yi? Ka gaya mini da Hausa sarai, ka san a aji uku na tsaya, takardar cikin kwalin nan kuwa Turanci ne ƙanana kamar ƙwan ƙuda.

Babanka yana gaishe ka. Wai ka aiko masa da batir na rediyo.

Mamanka, Keziah

*

Jos
Yuni, 1994

Mama,

Na samu wasiƙarki, na gode. Muna lafiya. Margaret ba ta nan, an tura ta kwas Zariya, sai wata mai zuwa za ta dawo. Ni kaɗai ne a gida ina fama da tukunya, shinkafar da na dafa jiya ko kare ba zai ci ba.

Labarin matar Fasto ya ba ni dariya, har abokan aikina suka tambaye ni lafiya.

Game da maganin Baba, kin yi daidai, kada ki damu kanki. Abin da mai kemis ya ja mini kunne a kai shi ne kada zafi ya taɓa shi, kada rana ta gan shi. Saboda haka duk inda ya fi sanyi, nan za ki sa. Ke da sanyi ne sana'arki, wa zai koya miki?

Ki rage wahalar zoɓon nan, Mama, gwiwarki. Ga batir na ba Sajo. Ki ce wa Baba ya kiyaye bakinsa, ban da rake, ban da kunun zaƙi.

Ɗanki, Nehemiya

*

Kachalla Sembe
Yuli, 1994

Nehemiya ɗana,

Salama. Batir ya iso, babanka ya manna rediyo a kunne kamar jariri da nono. Margaret ta dawo? Ka gaishe ta, ka ce ta cece ka daga shinkafar nan.

Wuta ta ƙara lalacewa. Wai man injin da ke ba mu wutar ne babu. Makon nan sau ɗaya ta leƙo, ina cikin wanka, kafin in ɗaura zani in fito ta koma. Firizata ta zama akwati, na fara ajiye gero a ciki.

Amma kada ka damu, mamanka ta samo dabara, ka zauna ka ji. Akwai mai sayar da kifin ƙanƙara a kasuwa, yana da janareto nasa, firizarsa ƙatuwa kamar ɗaki, ko hannu ka sa sai ya manne. Na roƙe shi ya bar mini ɗan lungu, ni kuma in riƙa kai wa yaransa zoɓo. Ka ce duk inda ya fi sanyi. To a Jalingo duka babu inda ya fi can.

Ga yadda nake yi. Ina zuba ruwa a leda, in jefa kwalba a ciki, in ƙulle, in kai masa. Kafin gobe ya zama dutse, kwalbar tana tsakiya kana hango ta kamar kifi a ruwa. Sai in kawo gida in binne a buhun buntun shinkafa, yadda muke yi wa ƙanƙarar sayarwa. Yana kai kwana biyu har uku bai narke ba! Lokacin allura in fasa da taɓarya a hankali in ciro. Shi kansa maganin ya daskare ƙam, sai in sa a hammatata ya narke, in girgiza, in yi masa, in mayar cikin sauran ƙanƙarar. In ta kusa ƙarewa in sake komawa kasuwa. Yana ɗan yin gari-gari a gindin kwalba in ya narke, amma da na girgiza sai ya bi ruwa.

Matan zumunta na coci sun zo sun gani suna ta mamaki. Matar Fasto ta ce Keziah, da kin yi boko da yanzu ke ce likita. Babanka ya ce wai ya zama kifin kasuwa, shi da kifin titus gida ɗaya.

Tafiyar ce dai da wuya, don babur ya yi tsada saboda mai, da ƙafa nake zuwa, ga laka. In na dawo sai na zauna a bakin ƙofa na daɗe kafin in iya shiga.

Abu ɗaya kawai. Kwanan nan babanka yana shan ruwa da yawa, buta ba ta rabuwa da gefensa, ga fitsari. Damina ce fa, ba zafi ake yi ba. Na tambaye shi ko ya ci wani abu a waje, ya ce a'a. Ni dai ina sa ido. Magani kam ba a taɓa kula da shi kamar yanzu ba, to daga ina?

Mamanka

*

Jos
Yuli, 1994

Mama,

Ki yi haƙuri ban tsaya gaisuwa ba. Ki karanta wannan sau biyu.

KI DAINA SA MAGANIN A ƘANƘARA. Duk kwalbar da ta taɓa daskarewa ta mutu, ko ta narke ba ta aiki, kamar ruwa kike yi masa. Ki zubar da su duka. Margaret ta dawo jiya, na ba ta wasiƙarki ina dariya ina cewa ga likitar gidanmu, sai na ga ta miƙe tsaye ta dafe kai. Ta ce shan ruwan nan da fitsarin, sugan ne ya tashi saboda babu magani a jikinsa. Ba wani abu ya ci ba.

Ni na ce miki duk inda ya fi sanyi. Ban sani ba, Mama, ban kuma tambaya ba.

Ki kai shi asibiti ranar da wannan ta same ki, kada ki jira gobe, kada ki jira Lahadi. Ga sababbin kwalabe a fulas. Margaret ta ce in babu wuta, ki sa su a gwangwani mai murfi, ki tura cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inuwa da sanyin nan sun isa. Sanyi ake so, ba daskarewa ba.

Na je ofishin waya in kira wani ya zo ya gaya miki, layin Jalingo ba ya shiga. Na nemi izini wurin aiki an ce sai ƙarshen wata mai zuwa. Yanzu zan kai wa Sajo tasha, ya ce gobe da safe zai tashi.

Nehemiya

*

Kachalla Sembe
Agusta, 1994

Nehemiya,

Ko ka manta kana da uwa? Na rubuto maka tun watan jiya, shiru. Kullum in na dawo kasuwa sai na bi ta tasha, babu Sajo, babu mota ma, duk suna layin gidan mai. Wannan karon Fasto zan ba wasiƙar ya jefa a gidan waya, in ta iso ta iso. Ina fata dai kuna lafiya kai da Margaret.

Mu babu daɗi. Babanka ya rame, wandonsa sai da igiya. Leɓensa a bushe kullum. In ya yi fitsari a bayan ɗaki, kafin ka juya kiyashi sun taru baƙi ƙirin. Ya ce idonsa yana ganin hazo-hazo. Na ƙara masa allurar kaɗan, ko gezau.

Kuma na gano abin da yake yi, shi ya fi ci mini rai. Ranar Laraba ina dawowa daga kasuwa da buhun ƙanƙara a kai, ruwa yana zubo mini a wuya, gwiwa kamar ta cire, wa zan gani a bencin Hambali mai shayi? Babanka! Da kofi a hannu! Ka san Hambali, na bakin titinmu, wanda shayinsa cokali ke tsayuwa a ciki don suga.

Ban san lokacin da na sauke buhun ba. Na ce Hambali, nawa aka biya ka ka kashe mini miji? Ya ce subahanallahi Mama, wallahi ruwan zafi da ganye kawai nake ba Baba, ko madara ba na sa masa, ɗanɗana ki ji. Na ce ba zan ɗanɗana ba, ai kun gan ni tun daga nesa kun canza kofi. Na ce masa mugu, na ce masa macuci, na ce duk mai son ransa ya daina zama a bencin nan. Mutane sun taru, 'yan acaɓa suna dariya, wani yana cewa Mama a yi haƙuri. Hambali ya sunkuyar da kai yana goge tebur inda babu datti.

Da muka zo gida babanka ya ɗauko Littafi Mai Tsarki ya ɗora hannu. Ya ce Maman Nehemiya, tun da likita ya hana ni, suga bai shiga bakina ba. Na ce ajiye littafin nan kada ka ƙara zunubi a kan zunubi. Na ce ni ina yawo da ƙanƙara a kai kamar jaka saboda kai, kai kana bayan ido kana lasar zaƙi. Ya kalle ni kawai ya shiga ɗaki.

Na ɓoye takalmansa da sandarsa, ba inda zai ƙara zuwa. Na sa kwaɗo a ɗakin abinci. Na kwashe tabarmata na koma ɗakinka. Magana sai ta allura, juyo, ɗaga riga, shi ke nan. Waƙar da yake yi ma ya daina.

Amma ga shi yana gida ba ya fita, kuma bai canza ba. Ko wani yana miƙo masa ta katanga in na tafi kasuwa, ban sani ba. Na gaji, Nehemiya. Fitilar ƙwai babu kananzir, firiza babu wuta, miji babu gaskiya. Jiya wuta ta zo da rana, yara suna ihu, ni ko tashi ban yi ba, me zan kunna?

Ka rubuto masa da kanka, wataƙila ya ji kunyarka.

Mamanka

*

Kachalla Sembe
Agusta, 1994

Nehemiya ɗana,

Babanka yana da rai. Na fara da wannan don kada ka tsallake layi kana nema. Yana asibiti, an sa masa ruwa, ya farka. Wasiƙar da na ba Fasto, in ta iso, ka sa a murhu.

Sajo ya iso shekaranjiya da rana. Ashe bai tashi ranar da ya ce maka ba, a layin mai ya zauna kusan mako biyu, wasiƙarka tana gaban mota, fulas ɗin ya kai firijin ƙanwarsa. Ka san ba ya karatun boko, ya ɗauka gaisuwa ce. Ya miƙo mini yana cewa da Fillancinsa, use Dada, wato a yi haƙuri Mama, ƙasar ce ta tsaya.

A tsaye na karanta a tsakar gida, taɓarya tana hannuna, don ƙanƙarar zan fasa. Ka ce sau biyu. Sau ɗaya ma ya ishe ni. Na zauna a kan buhun buntun nan, ruwan sanyi yana jiƙa mini zani ban ji ba.

Tun safiyar ranar babanka yake kwance, in na kira shi sai ya ce uhm. Ni ina cewa fushi ne. Na shiga na girgiza shi, Tobias, Tobias, idonsa a juye. Ihun da na yi ne ya shigo da Sajo da tela, suka ɗauke shi kamar buhun auduga, babu nauyi. Ɗan man da ya rage a motar Sajo da shi aka kai shi. Ba takalmi a ƙafarsa, don na manta inda na ɓoye.

Likita ya tambaye ni ina ake ajiye maganin. Na gaya masa. Bai yi mini faɗa ba, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce Mama ba ke ce ta farko da wutar nan ta ruɗa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce da an ƙara kwana da wani zance ake yi. Idon kuma wai a jira, wataƙila ya washe, wataƙila ba duka ba.

Ka ce kai ka ce mini duk inda ya fi sanyi. Ka ce, gaskiya ne. Amma ba kai ka ƙulla leda ba, ba kai ka kulle ɗakin abinci ba. Mu bar shi nan, kada ka zo mini da kuka, ba ni da ƙarfin rarrashi. Ka ce wa Margaret Allah ya ba ta masu yi mata. Kwalaben suna gwangwanin madara a gindin randa, na jiƙa yashin. Tsofaffin na jefa a masai da hannuna.

Yau da safe ya buɗe ido sosai. Na durƙusa a gefen gadon, mutane suna kallo, ban damu ba. Na ce Baban Nehemiya, ba kai ba ne, ni ce, ƙanƙarata ce ta kashe maganin. Ka rantse da Littafi na ƙaryata ka. Ka yafe mini. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Sai ya ce, da muryar nan ƙasa-ƙasa, ni mijinki ne, dole in yafe, ina za ni. Amma shi wancan bawan Allah, a gaban jama'a kika yi masa. Tun ranar an ce bencinsa ya rage mutane. Ya ce ki je can inda kika tsaya, da ƙarfin muryar da kika yi wancan, ki yi wannan.

Na ce to. Na bar matar Fasto a wurinsa na taho gida wai in dama masa kunu in ɗauki kaya. Ta bayan layi na biyo don kada in wuce ta bakin titi. Kunun ya daɗe da hucewa. Na share tsakar gida, na wanke abin da ba ya buƙatar wanki, yanzu kuma ga ni na zauna ina rubuta maka wasiƙa mai tsawo, kai ma ka san dalili. Shekaruna hamsin da wani abu, ban taɓa tsayawa a titi na ce na yi ƙarya ba. Me zan fara cewa? In ya juya mini baya fa? 'Yan acaɓan nan kuma suna nan, ba mai, ba aiki, sai kallo.

Amma zan je. Bari in gama wannan layin in nemi ɗankwali in

Ana buga ƙofa. Tsaya.

Nehemiya, muryar Hambali ce. Yana sallama, wai ya ji an kwantar da Baba, wane ɗaki ne a asibitin. Na leƙa ta ramin ƙofa, fulas ne a hannunsa, ya tsaya nesa da bakin ƙofar kamar mai shirin gudu. Wayyo Yesu. A'a, ba a nan ba, ba a zaure ba, babanka ya ce a titi. Zan ce masa ya juya mu koma wurin tebur ɗinsa tare. Yana sake bugawa, ina zuwa, ina zuwa Malam Hambali, kada ka tafi